Wa Ya Ba Ka Lambata? Zaɓen Gwamnan Kano da Masu Jin Ra'ayi

Tsakanin 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023 mako uku ne cif. A cikin makonnin nan uku APC a Kano ta tashi daga ƙuri'a 517,341 da Tinubu ya samu a zaɓen shugaban ƙasa zuwa 890,705 da Nasiru Yusuf Gawuna ya samu a zaɓen gwamna. NNPP kuwa kusan a inda take ta tsaya: Kwankwaso ya samu 997,279, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602. Jihar ba ta canza ba, rajistar ba ta canza ba, rumfunan zaɓen su ne dai na jiya. Amma ratar da ta kusa 480,000 ta tsuke ta dawo 128,897.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin birni, kuma duk sanda wani ya turo min hoto a WhatsApp mai dogayen sanduna ja da kore, wai bincike ya nuna wane ne zai ci gwamna, waɗannan lambobi huɗu nake fara tunawa. Zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu ai shi kansa jin ra'ayi ne, kuma wanda ya fi kowane girma. Kanawa sama da miliyan 1.6 suka fito da ƙafarsu suka dangwala. Duk da haka, wanda ya ɗauki sakamakonsa ya ce shi ke nan gwamna ya zama cin tuwo, ya sha mamaki ranar da ake tattara sakamakon ƙananan hukumomi. To ina ga wanda ya buga wa mutum ɗari biyar waya tun wata biyar kafin zaɓe?

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa ƙuri'ar jin ra'ayi duba ce ko ƙaryar Turawa. Lissafinta daidai yake, a aji ma ina koyar da tushensa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya ga yadda dillali yake yi da buhun masara. Ba ya zazzage buhun ƙasa don ya san abin da ke ciki. Wani siririn ƙarfe mai rami yake soka masa, ya zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya duba, ya faɗi kuɗi. Sai dai dillalin da ya san aikinsa ba a bakin buhu kaɗai yake soka ba. Yana sokawa a tsakiya, ya soka a gindi, don ya san halin mai kaya: mai kyau ake zubawa a sama. Matsalar jin ra'ayi a Kano ba ta lissafi ba ce. Wayar salula a bakin buhu take sokawa.

Na san haka ne don na ɗan taɓa aikin da hannuna. Kafin zaɓen, wani ƙaramin kamfani ya ɗebe mu, malamai da 'yan bautar ƙasa da wasu ɗalibai, aka zuba mu a wani ɗaki mai fanka ɗaya, aka ba kowa jerin lambobin waya da takardar tambayoyi. Wani ɗan takara ne ya biya kuɗin aikin, ba a faɗa mana ko wane ne ba, amma kafin la'asar kowa ya gane. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: in da yau ne zaɓen gwamna, wa za ka zaɓa?

Wani dattijo ba zan manta da shi ba. Na yi sallama, na faɗi abin da ya sa na kira. Ya yi shiru, ina jin kukan akuya a bayansa.

"Wa ya ba ka lambata?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ce ta zaɓo ta, ba wanda ya ba ni."

"To. Ita kwamfutar wa ya ba ta?"

Da ƙyar na lallaɓa shi muka wuce shekaru da ƙaramar hukuma da ko yana da katin zaɓe. Yana da shi, ya ce tun zaɓen 1979 bai taɓa fashi ba. Da na zo kan babbar tambayar sai ya ce, "Yaro, Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

"Amin, Baba. Amma kai a ranka wa kake ganin..."

"Na ce Allah ya zaɓa mana. Ka gai da gida."

A takardata akwai sunayen 'yan takara, sai akwatin "bai yanke shawara ba", sai na "ya ƙi amsawa". A wanne zan sa shi? Mutumin da ya dangwala wa wani tun zamanin Rimi, ya ga rigimar santsi da taɓo ta jam'iyyar PRP da idonsa, ya ga Shekarau ya kayar da Kwankwaso a 2003, ya ga Kwankwaso ya dawo a 2011, shi ne za a ce bai yanke shawara ba? Ya yanke tun kafin in san ana wani aiki wai shi jin ra'ayi. Ni ne dai bai ga dalilin da zai sa ya faɗa wa ba. Kuma ban ga laifinsa ba. A ƙasar da iyayenmu suka ga an ɗaure mutane don suna NEPU, kame baki a gaban baƙo ba rashin wayewa ba ne.

Irinsa suna da yawa, kowa da salonsa. Akwai mai juya tambayar: "Kai ɗan wane ɓangare ne tukuna?" Akwai mai lalube, yana so ya gane daga muryarka wa ya aiko ka don ya ba ka amsar da za ta yi maka daɗi, ko a dace. Lokacin kuwa ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, tsofaffin takardun naira sun zama abin tsoro, sababbin ba a ganinsu, mutane na kwana a layin banki. Wani ba ka gama gaisuwa ba zai ce, "Malam, akwai wani abu ne? In akwai ga lambar asusuna." Ma'aikacin gwamnati kuwa, da ka ambaci gwamna sai ka ji muryarsa ta sauya, ya ce shi ba ruwansa da siyasa. Ni ma da ni aka kira, ina karɓar albashi a ƙarshen wata, ban tabbata zan buɗe cikina ga muryar da ban san mai ita ba.

Amma babban ramin yana wajen mata. Sau da yawa lambar ta mace ce a jerin, namiji ne zai ɗauka. Ko mace ta ɗauka ta ce, "Mai wayar ba ya nan." Ko ta saurare ka tsaf har ƙarshe, sannan ta ce, "Sai Abbansu ya dawo." Wata Hajiya cewa ta yi, "Ɗan nan, ni da miji na raye zan tsaya hira da ƙato a waya?" ta kashe. Alhali ranar zaɓe a rumfarmu layin mata ya fi na maza tsawo nesa ba kusa ba. Tun da sassafe suka fito da goyo da lema da 'yar kujera ta tsugunno, rana ta take ba su motsa ba, mu maza muna ta zuwa muna komawa gindin bishiya muna gardama. Waɗanda suka fi kowa haƙurin layi su ne suka fi kowa ƙarancin murya a takardunmu. Kamfanin da ya san aiki yakan gyara wannan da lissafi, ya ƙara wa amsar kowace mace nauyi don ta cike gurbin waɗanda ba a samu ba. Gyaran yana da amfani, amma yana ɗauka cewa matar da ta yarda ta yi magana da baƙo a waya ra'ayinta ɗaya da wadda ta kashe. Ni ban yarda da wannan ba.

Haka ma ƙauye. Kano ƙananan hukumomi 44 ce. Takwas ne na birni da kewaye: Dala, Fagge, Gwale, Birni, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sauran 36 fa? Ka kira lambar Doguwa ko Sumaila ko Tudun Wada, a ce maka a kashe take, don wayar tana wurin mai caji, ko mai ita yana gona inda babu sabis. Ka kira ta Fagge, bugu ɗaya an ɗauka, kuma mai ita yana da lacca a shirye. In ba a yi hattara ba, sai a wayi gari an ji ra'ayin 'yan majalisar mai shayi ta cikin birni an ce na jihar Kano ne.

Abin da ya ƙona min rai shi ne abin da aka yi da takardun bayan mun miƙa. Da hoton ya fito, babu sandar waɗanda suka yi shiru ko kaɗan. An share su, an raba ɗari tsakanin waɗanda suka ambaci suna. Ga yadda dabarar take, a misalce. Ka tambayi mutum 100. Talatin suka ce wane, 22 suka ce wancan, 48 suka ce Allah ya zaɓa mana. Gaskiyar wannan sakamako ita ce ba ka san komai ba tukuna. Amma ka cire 48 ɗin nan, sai ya koma kashi 58 da kashi 42, ka ga an samu "gagarumar nasara". Ba a ƙirƙiri amsa ko ɗaya ba, kowace lamba ta gaske ce, amma an yi ƙarya. Kwana kaɗan sai ga sojojin baka a rediyo da daddare suna ta kwarara shi, wai binciken masana ne.

Don adalci, ba kowa ke haka ba. A ƙarshen 2022 gidauniyar Anap ta Atedo Peterside ta sa kamfanin NOI Polls ya yi jin ra'ayi ta waya kan zaɓen gwamna a wasu jihohi, har da Kano. Sakamakon ya sa Abba a gaba, Gawuna na biye, sauran can baya. Kuma ba su ɓoye cewa kaso mai yawa bai ambaci kowa ba, sun ma faɗa cewa waɗannan za su iya juya lissafin. Jerin da suka bayar shi ya tabbata a watan Maris. Amma a majalisarmu ba wanda ya ba su wannan yabo, saboda su ne dai suka yi ta fitar da sakamakon da ke nuna Peter Obi a gaba a zaɓen shugaban ƙasa, ya zo ya ƙare na uku da ƙuri'a 6,101,533, bayan Tinubu mai 8,794,726 da Atiku mai 6,984,520. A Kano ma 28,513 ya samu. Shi ke nan, an samu abin faɗa. Ɗan jar hula ya riƙe na Kano ya ce masana sun yi magana, ya watsar da na ƙasa da ya sa Madugu Kwankwaso a baya. Ɗan tsintsiya ya riƙe kuskuren na ƙasa ya ce duk 'yan kwangila ne. Kowa ya tsinci wanda ya yi masa.

Wani kamfanin, Stears, ya yi abin da ya fi burge ni a wancan karon. Bai ba da amsa ɗaya ba. Cewa ya yi in jama'a suka fito sosai Obi ne, in fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne. Fitowar ta yi ƙasa, ba ta kai kashi 30 ba, Tinubu ya ci. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a riƙa yi wa Kano: mutum nawa ne za su fito? Masu rajista a jihar a 2023 sun haura miliyan 5.9. Waɗanda suka dangwala a zaɓen gwamna kimanin miliyan 2 ne. Wato cikin kowane mutum uku masu rajista, biyu suna gida, ko kasuwa, ko sun bar garin, ko sun riga mu gidan gaskiya sunansu na nan a kundi. Amma ka tambayi Bakano a waya ko zai fita zaɓe, zai ce maka in sha Allahu. Kusan kowa. Ba ƙarya yake ba, niyyarsa ke nan a lokacin. Sai ranar ta zo ya ji an ce 'yan daba sun fito a unguwar, ko ya ga layi ya kai bakin titi, ko ba shi da kuɗin mota zuwa inda ya yi rajista shekara goma da suka wuce.

To me ya faru a makonni ukun nan? Wani ɓangaren a bayyane yake. Atiku ya samu 131,716 a Kano, amma ɗan takarar gwamna na PDP, Sadiq Wali, wanda ya sha shari'a da Muhammad Abacha kan tikitin, bai kai 20,000 ba. Ƙuri'un nan ba iska ta kwashe su ba, wani wuri suka koma. Sannan an ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga Maris don hukumar zaɓe ta sake saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe, aka ƙara wa kowa mako guda na bin gida-gida da lallashi da rabon abin da ake rabawa. Kuma zaɓen gwamna shi ne na cikin gida. Shugaban ƙasa yana Abuja, amma gwamna shi ke da fili da rumfar kasuwa da sarauta da kujerar ciyaman. Kansilan da ya yi barci a Fabrairu bai runtsa ba a Maris.

Sauran kuwa irin Yayana ne. Yana da shago a Kantin Kwari. A Fabrairu Kwankwaso ya zaɓa, ya ce ɗan gida ne, ko ba zai ci ba a nuna wa duniya Kano na da nauyi. A Maris ya dangwala wa Gawuna. Na ce, "Yaya, wannan ai wake da shinkafa ne." Ya ce, "To da sak ɗin me ta tsinana min?" Hujjarsa ita ce ya san Gawuna tun yana ciyaman na Nasarawa, ya gan shi kwamishinan gona, ya gan shi mataimakin gwamna daga 2018, bai taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, kuma shi ɗan kasuwa ba ya son gwamnatin da za ta zo da fushi. Matarsa kuma Abba ta zaɓa, saboda ƙaninta na cikin waɗanda gwamnatin Kwankwaso ta tura karatu waje, lokacin Abba yana kwamishinan ayyuka. Gida ɗaya, waya ɗaya ake kira, ta Yaya. Da an kira shi a watan Oktoba, na san abin da zai ce: "Tukuna dai, muna kallo." Kuma da gaske yake. Sai ana saura kwana uku ya tsayar da magana, bayan wata hira da suka yi a masallacin kasuwa.

Akwai kuma iyakar da lissafin kansa ya gindaya. In ka tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo yadda ya kamata, kuskuren da ake tsammani kusan kashi 3 ne sama ko ƙasa. In 500 ne, ya haura kashi 4. A zaɓen da mutum miliyan 2 suka yi, kashi 4 ƙuri'a 80,000 ce. Yanzu tuna 2019. Ranar 9 ga Maris aka yi zaɓe, Abba yana PDP a lokacin, yana gaban Ganduje da 26,655, aka ce zaɓe bai kammala ba, kalmar inkonkulusib ta shiga bakin har yara masu tallan gyaɗa. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama ta zama abin labari a faɗin ƙasa, aka bayyana Ganduje da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Rata 8,982. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Babu kamfanin jin ra'ayi a duniya, ko na Amurka ne, da zai iya hango wannan. Wanda ya ce ya hango, sa'a ya ci.

Na 2023 ma ai bai ƙare ranar 20 ga Maris da aka bayyana Abba aka kuma sa dokar hana fita ba. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda alƙalanta suka karanta hukunci ta Zoom ba su zauna a zauren ba, ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba, ta ce takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Ya dawo 853,939, Gawuna ya hau gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu ranar 17 ga Nuwamba. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar da Abba. Ƙuri'a ɗaya, mutanen da suka dangwala su ɗaya, amma wata huɗu ana juya wanda ya ci. Wace tambaya za ka yi wa Hajiya a waya da za ta gaya maka ko jami'in rumfarta zai tuna ya buga hatimi a bayan takarda? Ba banza ba Kanawa suka daɗe suna cewa a kasa, a tsare, a raka. Mai jin ra'ayi bai ma kai ga kasawar ba, a niyya ya tsaya.

Ban ce a daina ba. Gara jin ra'ayi mai rauni da ƙirga kawuna a filin taro, inda yaran da suka cika motar wane ranar Asabar su ne za su cika ta wancan ranar Lahadi, hula kawai za a canza. Kuma ya fi wanda ake yi a Facebook, inda mai waya uku yake da ƙuri'a uku, kakata kuma ba ta da ko ɗaya. Abin da nake so in gani shi ne a ajiye wayar a taka ƙasa. A zaɓo mazaɓu ta hanyar ƙuri'a daga cikin 484 da jihar ke da su, ba waɗanda ke bakin kwalta kaɗai ba. A tura mata su shiga cikin gida su zauna a kan tabarma da mata, kamar yadda masu allurar rigakafi suke yi. Kada a ce wa mutum ya faɗi suna da bakinsa. A miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da alamomin jam'iyyu, ya juya baya ya dangwala, ya ninke ya jefa a jaka da hannunsa. A tambaye shi ko ya fita a zaɓen da ya wuce, da nisan rumfarsa, da wanda zai kai shi. A sake komawa bayan zaɓen shugaban ƙasa, don mun ga abin da mako uku ke iya yi. In an zo fitar da sakamako kuma, a faɗi wanda ya biya kuɗin, a bar sandar masu shiru a tsaye kowa ya ga tsawonta.

Na kai wa mai kamfanin nan wannan shawara ranar da na je karɓar ragowar kuɗina. Ya saurare ni har na gama, ya jawo kalkuleta ya fara dannawa: kuɗin mota zuwa Doguwa da dawowa, kwanan ma'aikata, abincinsu, ladan mai unguwar da zai raka su, sau mazaɓa kaza. Ya juyo min da fuskar kalkuletar ya ce, "Malam, ɗan takarar da ke da wannan kuɗin, kana ganin tambaya zai saya da shi ko taliya?"